Ruwan da na'urar tacewa ke zubarwa: ko zai yi ban-ruwa?

Wani mai lambun bayan gida daga Kano ya rubuto cewa na'urar tace ruwan sha irin ta RO, mai cire gishiri daga ruwa, da ya sa a kicin tana zubar da ruwa mai yawa a kwata. Yana so ya ja shi zuwa tumatir da albasarsa, amma yana tsoron kada ya kashe shuka.

Malam, tsoronka yana kan hanya, amma ruwan nan ba dauɗa ba ne. Ƙananan na'urorin gida kan zubar da lita 3 zuwa 4 kafin su ba ka lita 1 ta sha, kuma duk gishirin da aka tace yana cikin wanda aka zubar. Kafin komai ka sayi ɗan ma'aunin TDS, wato mai auna yawan gishirin da ya narke a ruwa, ka tsoma. In ya nuna ƙasa da 450, ka ba kowace shuka. Daga 450 zuwa 2,000, sai da lura. Ya wuce 2,000, bar shi ga wanki, goge daɓe da korar bayan gida. Albasa, karas da lemo ba sa jure gishiri, tumatir ya fi su haƙuri, dabino kuwa ko a jikinsa.

Abin da ke damuna shi ne masu ganin bakin ganye ya ƙone, farin ɓawo ya fito a kan ƙasa, sai su ruga kasuwa sayen maganin feshi da ƙarin takin zamani. Ba ƙwaro ba ne, gishiri ne ya taru a saiwa! Takin zamani shi ma gishiri ne, ƙara shi ƙara ciwo ne. Magani shi ne a gauraya ruwan rabi da rabi da na famfo, a zuba a gindi ba a kan ganye ba, sannan duk bayan mako 2 ko 3 a yi ban-ruwa mai nauyi da ruwa mai daɗi har ya ratsa ƙasa. A jigawa gishirin yana wankuwa da sauƙi. A laka, ko a buhun da ba a huda gindinsa ba, zama yake yi, musamman da rani.

Wata Hajiya daga Maraɗi ta tambayi yadda za a haɗa bututun.

Hajiya, mai gyaran famfo ya ƙara tsawon siririn tiyon da ke zuwa kwata ya kai shi duro. Kada a toshe shi, kada a sa masa makulli, kada a ɗaga shi zuwa tankin sama, don matsin da ke komawa baya yana lalata matatar. Bakin tiyon ya tsaya sama da ruwan, kada ya nutse. A huda duron kusa da baki don rarar ta fita, a rufe shi saboda sauro.

Wani kuma ya ce ramukan tiyon ɗigonsa suna toshewa. Farar ƙasa ce daga ruwan. Jiƙa su a ruwan khal ka wanke.

Kajin gida fa? In ma'auni bai kai 1,000 ba, a ba su.

Amma ruwan wanke wata na'urar daban, mai rage farar ƙasa a ruwa, wadda ake zuba wa buhun gishiri, kada ya kusanci shuka ko dabba.