Me ya haɗa kan jirgin ƙasa da dokar titi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ni ɗalibar shari'a ce, kuma a cikin dokar zirga-zirgar ababen hawa ta Birtaniya na ci karo da kalmar lokomotif, wadda na sani da ma'anar kan jirgin ƙasa. Me ya kawo ta cikin dokar titi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Asalin abin yana cikin ƙarni na 19, lokacin da injinan tururi masu jan kaya suka fara hawa titunan Birtaniya, tun mota ba ta bayyana ba. Majalisa ta kira su lokomotif, sunan da ake kiran kan jirgi da shi. Dokar 1865 ta taƙaita gudunsu zuwa mil 4 a awa a karkara, mil 2 a cikin gari, ta kuma wajabta wani mutum ya riƙa tafiya a ƙasa yadi 60 a gaban injin, riƙe da jar tuta, domin ankarar da masu dawaki. Sai a 1896 aka sassauta wa ƙananan motoci wannan takunkumi.

Kalmar ta ci gaba da zama a doka har bayan injinan tururi sun kau. A sashe na 185 na dokar titi ta 1988, lokomotif abin hawa ne mai tafiya da inji wanda ba a ƙera shi don ya ɗauki kaya a jikinsa ba, in ban da ruwa, mai, batir da kayan aikinsa. Idan nauyinsa ba kaya ya haura kilo 11,690, babba ne. Idan ya haura kilo 7,370 amma bai wuce 11,690 ba, ƙarami ne. Wanda bai haura 7,370 ba kuwa doka ta kira shi tarakta, ko bai taɓa shiga gona ba.

A ganina, abin da ya kamata ki riƙe shi ne cewa alƙali yana bin ma'anar da dokar ta ba kalma, wadda a nan ta dogara da ƙira da nauyi. Shi ya sa a wannan sashe abin hawa mai ƙafa uku, muddin nauyinsa ba kaya bai haura kilo 410 ba, yake shiga cikin babura.