Zuwa Abuja Buɗe Ido: Amsoshin Wasiƙunku

Na sayar da riɗina, ina so in kai yarana uku su ga Abuja. Mota ko jirgin ƙasa? Daga wani manomi a Ringim.

Malam, Allah ya sa albarka a cinikin. Daga tashar Unguwa Uku ta Kano zuwa Abuja, ta Zariya da Kaduna, ya haura kilomita 400, don haka ku yi sammako kada dare ya riske ku a hanya. Jirgin kuwa daga Rigasa ta Kaduna yake tashi, ya tsaya a Kubwa, ya ƙare a Idu, awa biyu da 'yan kai. Tikitinsa ta intanet ake saya, kuma ka riƙe katin shaidarka. Kada ka karɓi tikiti a hannun masu sayarwa ta bayan fage a bakin tasha, sau da yawa sunan wani ne a jiki. Masauki ka nema a Kubwa ko Zuba ko Suleja. Kwana ɗaya a otal ɗin Maitama na iya lashe kuɗin buhun riɗi. Ku yi Juma'a a Masallacin Ƙasa, sannan ka kai yaran Millennium Park, wanda Sarauniyar Ingila ta buɗe a 2003, su yi gudu a ciyawa.

Za a bar ni in shiga Aso Rock in ɗauki hoto? Daga wani matashi a Kazaure.

Fadar shugaban ƙasa ce, samari, ba filin Idi ba. Ka hangi dutsen daga nesa, kuma ka bar wayarka a aljihu in ka ga shingen jami'an tsaro. In hoto kake so, ga Dutsen Zuma na jikin naira ɗari, a gefen titi wajen Madalla, kafin ma ka shiga gari.

Ɗana zai je karon farko, hankalina ya ƙi kwanciya. Daga wata uwa a Bichi.

Hajiya, kwantar da hankalinki, mutanenmu na shiga suna fita kullum lafiya. Amma ki zaunar da shi ki karanta masa wannan. Abin da ke cin baƙo a Abuja motar haya ce. Garin a warwatse yake, ba a yawonsa da ƙafa, kuma tun 2006 aka hana acaɓa a tsakiyarsa. Sai mutum ya gaji da tsayuwa a rana, mota marar fenti ta tsaya, da mutum uku a ciki har da mace, direba ya ce saura mutum ɗaya. Wannan su ne 'yan wan-cans. Da an rufe ƙofa sai a karɓe waya da katin banki, a tilasta masa faɗin lambar sirri, a jefar da shi a bakin titi. Macen nan don ka saki jiki aka ajiye ta.

Ya hau mota a cikin tasha kawai, irin Jabi, Utako ko Area 1, ko da za a ƙara masa kuɗi. Arhar bakin titi ita ce tarkon, kuma mu ga son arha! Ya guji mota mai baƙin gilashi. Ya raba kuɗinsa aljihu biyu, katin da ke da kuɗin gida ya bar miki shi. Lambar ɗan'uwan da zai sauka wurinsa ya rubuta a takarda, don in waya ta tafi kada komai ya tafi da ita. Bayan Magariba ya zauna a masauki.

Wace tsaraba zan sayo?

Babu. Atamfa da shaddar da za ka taya a kasuwar Wuse, da yawansu daga Kantin Kwari aka kai su, an ɗora kuɗin mota da na haya. Agogo da turaren da ake miƙo maka ta taga a cunkoson motoci kuwa, kafin ka iso Kwanar Dangora agogon ya tsaya.