Amsa ga Yayana: wai har ɗaukar hoto ma sai an yi masa mastas?

Yaya barka da warhaka, ya iyali ya ƙoƙari. Saƙonka na murya sau uku na saurare shi, na farko dariya kawai na yi, a na biyu na gane ashe da gaske kake, a na uku na ce bari dai in zauna in rubuta amsar a nan inda wasu ma za su gani tunda ba kai kaɗai ne ka taɓa jefo min wannan tambayar ba. Ka ce wai da gaske ne 'yarka ta gama digiri lafiya lau sannan ta koma makaranta shekara guda cur don ta koyi ɗaukar hoto, abin da yaro ɗan shekara goma yake yi da waya, kuma mu iyayenta muna zaune mun zuba ido, kuma wai ka ji ba ita kaɗai ba ce a cikin 'ya'yan Hausawan da ke nan Ingila. Sannan a ƙarshe ka sako ainihin abin da ke damunka, cewa ɗana na wajenka shi ma ya fara wannan maganar.

To da gaske ne. Kuma kada ka ɗauka mu ɗin nan mun karɓi abin hannu bibbiyu tun farko, wallahi ranar da ta fara faɗa min sai da na kwana biyu ba na amsa mata magana sosai. Mu da muka zo nan da daɗewa sana'o'i huɗu muka sani a kanmu, likita, injiniya, lauya, sai mai haɗa magani, in yaro ya kauce wa waɗannan to a taron 'yan uwa sai ka ga uban yana ta kame-kame in an tambaye shi me yaron yake karanta. Abin da ya sauya mu ba wa'azin kowa ba ne, zama ne. Ka zauna shekara ashirin a wuri, kana ganin jarida da mujalla da allon talla da gidan tarihi da littafin makarantar yaranka duk cike da hotuna, wata rana dole ka tambayi kanka wa yake ɗaukar su, wa yake biyansa, kuma me ya sa duk lokacin da aka nuno irinmu a ciki wani ne daban ya riƙe kyamarar.

Abu na farko da ni ma na yi wa gurguwar fahimta shi ne na zaci za a koya mata yadda ake danna kyamara. Ashe ba a ma ɗaukarka sai ka riga ka iya. Abin da suke fara nema shi ne fotfoliyo, wato tarin hotunan da ka ɗauka da kanka, yawanci goma sha biyar zuwa ashirin ko sama da haka kaɗan ya danganta da makaranta, da rubutaccen bayani na aikin da kake son ka shafe shekarar kana yi, wani lokacin har da intabiyu. Digirinka na farko ma ba lallai ya zama na hoto ba, ita ilimin zamantakewa ta karanta, a ajinsu akwai wanda ya bar aikin jinya akwai tsohon ɗan jarida. A nan Ingila mastas ɗin yawanci shekara ɗaya ce in kana yi cikakken lokaci, biyu in kana haɗawa da aiki, a Amurka kuma wanda suke kira MFA yawanci shekara biyu ne. Kuma kowace makaranta da inda ta fi ƙarfi, Royal College of Art da ke Landan ita ba ta ma yin digirin farko sai na gaba kuma ta fi karkata ga hoto a matsayin fasaha ta baje koli, London College of Communication an san ta da hoton jarida da na adana rayuwar mutane, can Wels kuma akwai tsohon kwas ɗin da mai ɗaukar hoto David Hurn ya kafa a Newport tun 1973. Wanda ya shiga inda bai dace da shi ba ya yi asarar shekara.

Bari in ba ka abin da na gani da idona, don shi ya sa na yi shiru. Aikin da ta zaɓa shi ne dattawanmu da suka zo karatu tun shekarun 1970 da 1980 da niyyar shekara uku su koma, yau ga su da jikoki a nan. Wata shida tana bin su gida-gida, wani sai ta je sau huɗu ba ta ko fito da kyamara daga jaka ba, hira kawai, sai ya saki jiki tukuna, kuma kowa sai ya sa hannu a takardar amincewa kafin hotonsa ya fita ko'ina, makaranta ba ta wasa da wannan. Wata ranar Lahadi na sauko na tarar ta shimfiɗa ƙananan hotuna sun fi ɗari uku a ƙasan falo, babu wurin taka ƙafa, tana durƙushe tana ɗauke wannan tana mayar da wancan. Na nuna wani na ce ai wannan ya fi kowanne kyau, dattijo ne ya sha babbar riga yana murmushi. Ta ce Baba shi ya sa zan cire shi, kyau kawai gare shi ba ya cewa komai. Wanda ta bari a madadinsa hoton hannun mutumin ne kawai riƙe da tsohon fasfo ɗinsa wanda aka yanke wa kusurwa, ga hotonsa yana saurayi a ciki. Na daɗe a tsaye ina kallo. Daga ɗari uku ɗin nan sha takwas ta fitar, kuma sati biyu ta yi tana jera sha takwas ɗin, wanne zai zo kafin wanne.

To wannan zaɓen da jerawar shi ne rabin karatun. Ɗaya rabin kuma wani zama ne da suke kira kirit, duk sati ko sati biyu, ka manna aikinka a bango, malamai da 'yan ajinku su kewaye shi su yi ta fiɗarsa a gabanka, me ya sa ka tsaya a nan, wa ya ba ka izinin nuna wannan matar haka, wannan ai wane ya riga ka yi shekara talatin da suka wuce me ka ƙara a kai. Ranar farko da kuka ta dawo gida. Uwarta har ta ce to a haƙura mana, ta ce a'a ai gaskiya suka faɗa. Ga kuma karatu na gaske, tarihin hoto, da rubuta kundi mai dubban kalmomi, ga ɗakin wanke hoto na fim wanda ta taɓa shigar da ni, duhu sai jan fitila, ta tsoma farar takarda a ruwan magani muna tsaye fuskar mutum ta fara fitowa a hankali kamar daga hazo, ni dai Subhanallahi kawai nake ta cewa.

Yanzu maganar da na san ita kake jira, ana cin abinci da shi? Ana ci, amma ba zan yi maka ƙarya ba, takardar ba ta ba kowa aiki. Babu editan da zai ce nuna min satifiket, cewa zai yi nuna min hotunanka. Malick Sidibé na Bamako a hannun wani Bafaranshe mai ɗaukar hoto ya koyi aiki, bai yi wata mastas ba, amma a 2007 aka ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin Venis. Misan Harriman haifaffen Najeriya da kansa ya koya wa kansa, kuma a 2020 ya zama baƙar fata namiji na farko da ya ɗauki hoton bangon mujallar Vogue ta Birtaniya. A ɗaya ɓangaren kuma ga James Barnor ɗan Gana, yana da situdiyonsa a Akara amma ya taso ya zo Ingila a 1959 ya shiga makarantar fasaha ta Medway, ya koma gida da ilimin hoto mai kala, kuma sai da ya haura shekara casa'in aka yi masa babban baje koli a gidan baje koli na Serpentine da ke Landan a 2021. Ka ga kenan hanyar ba ɗaya ba ce, kuma mai gaggawa ba zai ji daɗinta ba.

Abin da shekarar take saya maka a ganina lokaci ne, da kayan aikin da ba za ka iya mallaka kai kaɗai ba, da mutane. Mutanen nan su ne kan gaba. Malamar da ta fi matsa mata a kirit ita ce ta haɗa ta da wata mai ɗaukar hoton mujallu, ta yi kusan shekara tana yi mata ɗaukar fitilu da jan wayoyi da gyaran hotuna a kwamfuta har dare. A baje kolin kammalawa, wanda ɗalibai suke yi a ƙarshen kwas, editoci da masu gidajen baje koli suna zuwa farautar sababbin hannu, a nan wani ya karɓi lambarta. Yau kuɗinta daga wuri huɗu ko biyar yake shigowa, aikin mujalla in ya samu, koyar da matasa a wata cibiya kwana biyu a sati, gyara tsofaffin hotuna ana mayar da su kwamfuta a wani ɗakin adana tarihi, hoton taro da na kamfanoni, sai ɗan tallafin da take nema don aikinta na kanta. Wani watan ta fi ni samu wani watan sai dai a ce Allah ya kawo. Ita take lissafin harajinta da kanta ta tura kafin 31 ga Janairu. Ta kuma koya min wani abu da ban sani ba, a dokar nan ta 1988 wanda ya ɗauki hoto shi ke da haƙƙin mallakarsa in dai ba ma'aikacin wani ba ne ya ɗauka a bakin aiki, har shekara 70 bayan rasuwarsa, don haka in mujalla ta biya ta sau da yawa izinin amfani kawai ta saya, hoton yana nan nata, za ta iya sake ba wani.

Mu kuma a tsakaninmu yadda muke yi yanzu, in yaro ya zo da irin wannan maganar ba ma cewa a'a ba ma cewa to, sai mu ce kawo aikinka mu gani, sannan a tura shi wajen wanda ya riga shi shiga harkar ya zauna da shi. In shekara ta zagayo yana nan yana ɗauka ba wanda ya sa shi, to da gaske yake. In kuwa kyamarar tana cikin kwali tun sallar bara, an gane. Maganar addini ma ta taso, kar ka ce mun manta, mun san malamai sun yi saɓani a kan hoto, kowane gida ya tambayi malamin da ya yarda da shi. Ita dai tana da iyakarta, akwai ayyukan talla da ta mayar saboda abin da ake so ta ɗauka, kuma ta yi asarar kuɗi a kan haka ba sau ɗaya ba. Abin da ban zata ba shi ne kasancewarta mace 'yar gida ya buɗe mata ƙofofin da ba za a taɓa buɗe wa baƙo ba, iyayenmu mata da ba sa yarda kowa ya ɗauke su sun zauna mata.

Sai dai Yaya halin ɗana na wajenka daban yake da nata, kuma a nan nake so ka buɗe kunne. Ita kuɗin 'yan ƙasa ta biya, ta kuma samu rancen gwamnati na masu mastas wanda aka fara a 2016, tana kwana a gidan ubanta. Shi kuɗin baƙi zai biya wanda ya fi nata nesa ba kusa ba, ga haya, ga kuɗin fim da takarda da buga hotuna da firam na baje koli waɗanda yawanci daga aljihun ɗalibi suke fita. Sai ya ci jarrabawar Turanci irin su IELTS. Bizar ɗalibi awa 20 kawai ta yarda ya yi aiki a sati lokacin karatu, kuma abin da yawancin yara ba su sani ba, ba ta yarda ya yi aikin ƙashin kansa ba, ma'ana ba zai ɗauki hoton taron wani a biya shi a matsayin mai zaman kansa ba, wanda kuma shi ne ainihin yadda masu hoto suke samu. Sai ya gama ya koma bizar waɗanda suka kammala, wadda aka fara a 2021, sannan wannan ƙofar take buɗewa, ita ma dokokinta suna yawan sauyawa sai ya duba shafin gwamnati da kansa kada ya dogara da ejan. Tun Janairun 2024 kuma mai irin wannan mastas ɗin ba ya zuwa da iyali. Akwai sikolashif irin Chevening amma suna neman wanda ya yi aiki aƙalla shekara biyu. Na san wani yaro da iyayensa suka yi ta-maza suka turo shi wata makaranta da ba zan kira sunanta ba, ya zo hannu rabbana babu wani aiki a ransa, ajin ya cika maƙil, malamin da aka ba shi sai ya yi sati uku bai gan shi ba, ya gama ya karɓi takarda yanzu ko kyamarar ma ya sayar.

Don haka kada ka hana shi kada kuma ka sayar da komai tukuna. Ka ce masa ya zaɓi abu ɗaya tak da ya dame shi, ya bi shi da kyamara ko da ta waya ce na tsawon wata shida, ya fitar da guda ashirin ya turo. Na riga na yi wa 'yarka magana ta ce za ta duba, amma ta ce in gaya masa tun yanzu ba za ta tausaya masa ba, yadda aka yi mata haka za ta yi masa. A gaida Yaya babba da yaran duka, sai na ji ka.