Batirin zuciya: amsoshin likita kan sabuwar hanyar dasa waya

Wani ɗan kasuwa daga Tasawa ya rubuto: Likita, bugun zuciyar mahaifina ya sauka zuwa 35 a minti, har yana faɗuwa. An ce a sa masa batir, ko dai ta tsohuwar hanya ko a dasa wayar a kan jijiyar lantarkin zuciya. Mene ne bambancinsu?

Allah ya ba Baba lafiya. Batirin zuciya ƙaramar na'ura ce da ake sawa a ƙarƙashin fatar ƙirji, tana aika wa zuciya wuta ta wata siririyar waya domin ta riƙa bugawa daidai. Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu sama biyu ƙasa, da nata layin lantarki: saƙo yana tashi daga ɗakin sama na dama, ya bi wata siririyar jijiya da ake kira His, sannan ya rabu reshe biyu, dama da hagu. A tsohuwar hanya ana ajiye bakin wayar a gindin ɗakin ƙasa na dama, sai saƙon ya bi ta cikin tsoka a hankali, ɓangaren dama ya riga na hagu matsewa. Wanda zuciyarsa ta dogara sosai ga batir, wannan rashin daidaito yakan raunana ta bayan shekaru, a kusan mutum 1 zuwa 2 cikin 10.

A shekarar 2000 aka fara ba da rahoton dasa waya ta dindindin a kan His a Amurka. Wurin ƙarami ne, yana da wuyar samu, kuma wutar da yake buƙata takan ƙaru daga baya ta cinye batir da wuri. A 2017 likita Huang na birnin Wenzhou a ƙasar Sin ya nuna wata dabara: a murɗa wayar cikin bangon da ya raba ɗakunan ƙasa, zurfin santimita 1 zuwa 1,5, har ta kai reshen hagu. Nan wutar da ake buƙata yawanci ba ta kai volt 1 ba. Ga mai irin matsalar Baba, ni na fi karkata ga wannan, amma da sharaɗi: ka tambayi likitan sau nawa ya yi aikin, da inda za a riƙa duba batirin duk wata 6 zuwa 12. In babu gamsasshiyar amsa, tsohuwar hanya a hannun gwani ta fi.

Wata ma'aikaciyar jinya daga unguwar Zariya a Maraɗi ta ce: Na ji wayar tana iya huda zuciya. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, ƴar'uwa, sai dai hudar ba waje take fita ba, cikin ɗakin hagu take faɗawa idan an wuce gona da iri wajen murɗawa. Binciken MELOS na 2022, kan majinyata 2533 a cibiyoyi 14 na Turai, ya sami wannan a kashi 3,7 cikin 100, zamewar waya kuma kashi 1,5. An yi nasarar dasawa ga kashi 92 na masu jinkirin bugu, da kashi 82 na masu raunin zuciya, saboda tabon tsoka yana hana wayar shiga.

Likita yakan gane hudar nan take: ma'aunin turjiyar wayar ya faɗi ƙasa da om 450 ko kusa da haka, wutar da ake buƙata ta tashi. Sai a janye wayar gaba ɗaya a sake wani wuri. Ja da ita baya kaɗan a bar ta cikin ramin bai isa ba, tana iya sake kutsawa, kuma waya a ɗakin hagu tana iya tara gudan jini ya jawo shanyewar jiki.

Wayoyin iri biyu ne. Akwai siririya marar rami a ciki, irin SelectSecure 3830 ta kamfanin Medtronic, wadda aka fi daɗewa ana aiki da ita. Akwai mai rami da ake zura ƙarfen jagora, irin Solia S ta kamfanin Biotronik. Mai ramin tana saurin shiga bango mai kauri, amma yawan murɗa ta yana iya lanƙwasa ƙugiyar bakinta.

Wata uwargida daga Tibiri: Sati biyu ke nan da aka sa mini. Yaushe zan koma daka da jan ruwa?

Hajiya, ki dakata har sati 6 su cika daga ranar da aka yi aikin. Kafin nan kada hannun ɓangaren batirin ya wuce kafaɗa, kada ki ɗauki abin da ya kai kilo 5, domin a lokacin nan ne waya ta fi zamewa. Kada kuma ki daskarar da hannun, kafaɗa za ta sandare. Kabbara zuwa daidai kafaɗa babu laifi. Salula ta yi nesa da batirin da santimita 15, ki saurara da ɗayan kunnen. Da zafin garinmu da zufa, ki kula da ciwon sosai: in ya yi ja, ya kumbura, yana fitar da ruwa, ko zazzaɓi ya zo, ki tafi asibiti a ranar. Kada a shafa masa maganin gargajiya, kada a yi ƙaho a wurin. Jiri ko suma irin na da su ma alama ce a duba wayar.

Wani tsohon malamin makaranta daga Madarunfa: Shekara 7 ina da tsohuwar waya, in sa a canza?

Malam, in hoton eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da na'urar sauti, ya nuna ƙarfin zuciyarka bai ragu ba, a bar ta. Wayar da ta wuce shekara guda takan manne da jijiya, cire ta yana da haɗari. In ƙarfin ya fara sauka, kana haki ko ƙafafu suna kumbura, a nan ne ake maganar ƙara wata waya.