Daga lauyan banki zuwa babban ofishin lauyoyi a Legas

Barista, ka tambaya ko barin aikin lauyan banki ka koma babban ofishin lauyoyi a Victoria Island zai yi wuya. Zai yi, amma ba ta wajen sanin doka ba. A banki uban gidanka ɗaya. Can kuwa kowace awa sai ka rubuta aikin wa ka yi, don da ita ake cajin wanda ya ba da aikin. Rubuta nan take, in ka bari sai Juma'a rabi ya tafi. Jarinka daga banki shi ne ka san abin da kamfanin da ya ɗauki lauya ke so: shawara a shafi ɗaya, ba goma ba. In a Agege kake, fara neman gida kusa, cunkoson gadar Third Mainland da safe ba wasa ba ne.