Ina so in ƙara fitila a babur ɗina mai ƙafa huɗu, batir zai ɗauka?

Tambaya: Salam Malam. Ina da babur mai ƙafa huɗu da nake shiga fadama da shi nan wajen Auyo, lokacin noman rani sai dare nake zuwa duba injin ban ruwa, fitilarsa kuma ba ta haska komai. Na sayo doguwar fitilar LED a Kano an rubuta 120W a kwalinta, wani ya ce in sa babban batir kawai shikenan. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Toh wanda ya ce maka babban batir ya gama magana bai faɗa maka daidai ba. Batir randa ce kawai, ba ita ke kawo ruwa ba. Abin da ke kawo wutar shi ne koyil ɗin da ke cikin inji, yana juyawa yana ba rektifaya, rektifaya na gyara wutar ta cika batir. In fitilunka suna shan fiye da abin da koyil ke bayarwa, ko batirin mota ka ɗaura zai ƙare, sai dai ya ɗan ja lokaci, kuma ka san inda zai ƙare maka, tsakiyar shinkafa ƙarfe biyu na dare sauro na cinka.

Lissafin ba wuya. Babur ɗinka volt 12 yake aiki, ka raba wat da 12 ka sami amp. Fitilar 120W kenan amp 10 take so, in dai gaskiya aka rubuta. Sau da yawa waɗannan na kasuwa abin da ke kwali ya fi abin da suke sha nesa ba kusa ba, don haka kar ka yarda da kwali, ka kai wa mai rewaya ya sa mita ya auna maka. Sannan ka duba takardar babur ɗin nawa koyil ke bayarwa. A ce misali 200W ne, ka cire na fitilun gaba guda biyu masu 35W wato 70, ka cire na baya, na fanka in yana da ita, na wutar fulogi, sannan ka bar wa batir nasa rabon ya yi caji. Abin da ya rage shi ne naka, kuma kar ka cinye shi duka.

Ga inda mutane ke faɗawa rami: wannan adadin na koyil sai inji na gudu sosai yake bayar da shi. A sulo ba ya ba da ko kusa, kai kuma aikinka a gona a hankali kake tafiya, ka tsaya ka bar inji na kunne kana haska famfo, kaga a nan ne batir ke zubewa ba ka sani ba.

Gwajin da nake yi wa kowa a shago shi ne in ɗora mita a kan batir. Inji a kashe batir mai lafiya zai nuna wajen 12.6. In aka tada aka ɗan ba shi totur ya kamata ya hau 13.5 zuwa 14.5. Sai in kunna duk fitilun har da sabuwar, in ya tsaya sama da 13 lafiya lau, in ya fara sauka ƙasa da 12.6 toh batir ake ci, fitilar ta fi ƙarfinsa.

Ni shawarata ka fara canja ƙwayayen gaba zuwa LED, galibi ba sa shan wuta kamar tsofaffin, wutar da ka rage ita za ka ba sabuwar. Amma a fara dubawa, wasu ƙananan babura fitilar gaba kai tsaye take shan wuta daga koyil ba ta batir ba, in ka sa LED a nan sai ta yi ta ƙyaftawa ko ta ƙone. Kuma wlh ƙananan fitilu biyu masu 18W a ƙasa sun fi maka waccan doguwar, don da hunturu in ka ɗaura ta a sama hazo da ƙura suke dawo maka da hasken a ido.

Wajen haɗawa dan Allah kar a ɗauko wuta daga wayar fitilar gaba, siririya ce za ta yi zafi ta narke. A ja sabuwar waya mai kauri daga batir, a sa fiyus daf da batir ɗin, na amp 15 in fitilar na shan 10, a sa rile yadda in ka cire makulli fitilar za ta mutu da kanta. Na sha ganin wanda fiyus ya ƙone ya naɗa zaren waya a wurin, ƙarshenta wayarin gaba ɗaya ya kama da wuta. A naɗe mahaɗar da kyau saboda ruwan fadama, in ka hau titin Haɗeja kuma ka kashe ta kar ka kashe wa masu zuwa ido.