Amsa: mutane da noma a karkarar Magarya zamanin Nasara

Malam, ka tambayi yadda za ka gano yawan mutanen kanton kakanninka a yankin Magarya da irin nomansu lokacin Faransa.

Fara da sanin tsarin. Faransawa sun kama Damagaram a 1899, suka yanka ƙasar gunduma-gunduma ƙarƙashin kumandan, sarakunan kanto na tara lanho, wato haraji. Zinder, wato birnin Damagaram, ce babban birnin Nijar daga 1911 har aka koma Yamai a 1926.

Inda masu bincike ke zamewa shi ne ɗaukar ƙidayar Nasara a matsayin gaskiya tsantsa. Don haraji da aikin tilas aka yi ta, shi ya sa magidanta ke ɓoye ƴaƴansu, wasu kuma su tsallaka Daura ko Kano. Adadin takarda kan gaza na zahiri.

Noma kuwa gero, dawa da wake ne a jigawa, gyaɗa ta kuɗin lanho, ana kai ta Kano. Yunwar 1913 zuwa 1914 ta watsa garuruwa da yawa.

Takardun suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Yamai, da Faransanci. Nemi malaman tarihi na jami'ar Zinder su taimaka maka, amma don Allah fara zama da tsofaffin garinku, su ne suka san sunayen rijiyoyi da kufai.